Ra'ayinmu: Ƙananan Kalmomin Turanci da Muryar Manomi

Hausawa na cewa hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin harshen Turanci akwai waɗansu 'yan ƙananan kalmomi, irin su "of" da "at" da "with" da "about", waɗanda ɗalibi kan tsallake su ba tare da ya ba su muhimmanci ba, alhali kuwa su ne sukan kayar da shi a jarrabawa, su kuma juya masa magana sa'ad da ya kama aikin ofis. Wannan mujalla tana ganin lokaci ya yi da za mu tsaya mu dube su da idon basira, musamman mu 'ya'yan manoman ƙasar Funtua da Malumfashi, waɗanda iyayenmu suka sayar da auduga da masara suka aiko mu neman ilmi.

Asalin matsalar yana cikin bambancin ginin harsunan biyu. Idan Bature zai faɗi abin da ke ransa game da wani abu, yakan kawo sifa, sa'an nan ya ɗaura mata wata 'yar kalma wadda ba ta rabuwa da ita. Sai ya ce "afraid of", ko "interested in", ko "opposed to". Bahaushe kuwa ba ta wannan hanya yake bi ba, domin sifofinsa na asali kaɗan ne, kamar fari da baƙi da babba da ƙarami da sabo da tsoho. Abin da ya shafi zuciya da suna ko aikatau yake faɗarsa: ina jin tsoron fari, ina sha'awar noman rani, na ƙi wannan shawara.

Bugu da ƙari, kalmar nan tamu "da" tana ɗaukar kayan da Turanci ya rarraba wa kalmomi biyar ko shida. Mukan ce na gamsu da shi, na damu da shi, ina alfahari da shi, na saba da shi, na dogara da shi, ya bambanta da shi. A Turanci kuwa waɗannan su ne "satisfied with" da "worried about" da "proud of" da "accustomed to" da "dependent on" da "different from". To, yaron da aka koya wa tun yana firamare cewa fassarar "da" ita ce "with", ina laifinsa idan ya rubuta "proud with"? Hankalinsa ya yi aiki daidai, ƙa'idar harshensa ya bi. Abin da ya rasa shi ne malamin da zai ajiye masa harsunan biyu gefe da gefe, ya nuna masa mararrabar da suka rabu.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin kuskure ne, mai karatu zai gane abin da ake nufi. A wasu wurare haka ne. Amma akwai inda sauya kalma ɗaya yake sauya magana ɗungurungum. Alal misali, "responsible for" na nufin abin da alhakinsa ke wuyanka, "responsible to" kuwa na nufin wanda za ka tsaya a gabansa ka ba da bayani. Ma'aikacin da bai rarrabe waɗannan biyu ba yana iya sa hannu a takardar da ta ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Kazalika "concerned about" damuwa ce, amma "concerned with" na nuna abin da mutum yake aiki a kansa. Haka nan "tired from" gajiyar jiki ce bayan aiki, "tired of" kuwa ƙosawa ce da abu har ya fita daga rai.

A nan ne maganar ta wuce ɗakin jarrabawa ta isa gona. A shekarar 1975 aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, ya kuma haɗa gundumomin Funtua da Bakori da Faskari da Ƙanƙara da Malumfashi. Malaman gona sun shiga ƙauyuka suna magana da manoma da Hausa a kan taki da iri da maganin feshi, amma rahoton da ya hau sama da Turanci ya hau. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 ma harshen fayil bai sauya ba. Manomi yakan faɗi ra'ayinsa a gindin bishiya, ƙaramin ma'aikaci ya mai da shi Turanci, manya su karanta su yanke hukunci. Idan manoman wani ƙauye suka ce sun gaji da auduga saboda farashinta bai biyan wahala, ma'aikaci ya rubuta "tired from" a gurbin "tired of", to ya mai da kukansu ciwon baya ke nan. Wanda ya karanta zai ɗauka hutu suke bukata, alhali kuwa gyaran farashi suke nema. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma a nan wuyan manomi ya shaƙe.

Ta ɓangaren karatu ma lamarin ba na wasa ba ne. Kowa ya san jami'o'in ƙasar nan suna neman sakamako mai kyau a Turanci daga jarrabawar WAEC ko NECO kafin su ɗauki ɗalibi, ko da aikin gona ko injiniya zai karanta. Yaro mai ƙwazo a lissafi yana iya zama gida shekara guda ko biyu saboda wannan darasi kaɗai, kuma kuɗin sake jarrabawa daga rumbun mahaifinsa yake fita.

Ba mu yarda da masu ganin cewa maganin abin shi ne a hana yara magana da Hausa a harabar makaranta ba. Bulala da tara ba su taɓa koya wa kowa inda ake sa "of" ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta amince a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su koma baya a Turanci ba. Wanda ya san ginin harshensa shi ya fi saurin gane ginin na wani. Kayan aiki ma akwai: littafin nahawun Hausa na Farfesa M. K. M. Galadanci na 1976, da ƙamus na Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da littafin David Jowitt na 1991 a kan yadda 'yan Nijeriya suke amfani da Turanci.

Saboda haka muna da kira guda uku. Na farko ga 'yan'uwanmu ɗalibai: kada wanda ya sake haddace sifar Turanci ita kaɗai. A haddace ta tare da abokiyar tafiyarta, a cikin cikakkiyar jimla, a kuma ware littafin rubutu guda domin wannan aiki. Ko a wayar hannu aka duba ƙamus, a tsaya a karanta misalan da ke ƙarƙashin kalma. Na biyu ga sassan Hausa da na Turanci na jami'o'inmu, a Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-Ma: su haɗa kai su fitar da ɗan ƙaramin littafi mai araha wanda zai jera waɗannan sifofi tare da daidaitattunsu na Hausa, domin amfanin malaman sakandare. Na uku ga ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwanmu: idan an yi dogon hutu, a shirya darussa ga ƙannenmu a Funtua da Malumfashi da Ƙafur da Ɗanja da Dandume. Sa'a guda a kowace rana ta isa a ga bambanci.

Ga waɗanda suka riga mu kama aikin gwamnati kuwa, muna tunasar da su cewa duk rahoton da suka rubuta a kan ra'ayin talakawa amana ce. Wanda ya yi shakka a kan kalma ya duba ƙamus ko ya tambayi na gaba da shi kafin ya sa hannu, gama manomin da ya ba shi saƙon ba zai ga takardar ba, balle ya gyara ta.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar waɗanda suka aiko mu.