Amurka ta koma wa kurket, yaushe zai iso Wudil?

Ba'amurken da aiki ko karatu ya kai Landan, Lahore ko Mumbai, ranar da abokai suka fara jan sa kallon kurket yakan shiga fili da zaton ya san abin da zai gani. Ai a garinsu ma akwai besbol: wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, a ruga a guje. Ba a jimawa lissafi yake rikice masa. Mai jifa a nan sheƙowa yake daga nesa, ya wurgo ƙwallon hannunsa a miƙe, kuma da gangan yake sa ta daki ƙasa kafin ta iso. Sandar bugun faffaɗa ce. Mai bugu yana iya tare ƙwallon ya tsaya abinsa, ba dole sai ya gudu ba. Masu tsaron fili da tsirar hannu suke cafe ƙwallon fata mai tauri, ban da mutum ɗaya da ke durƙushe a bayan turaku uku. Can kuma a ce an tafi hutun shan shayi. Abin da ke ƙarasa ɗaure masa kai shi ne jin cewa akwai nau'in wasan da ake kwana biyar ana yi, a ƙarshe a tashi babu wanda ya yi nasara.

Irin wannan kallon ƙurilla saurayin Wudil yake yi idan mai gidan kallo yana laluben tashar wasan Firimiya, ya faɗa kan mutane sanye da fararen kaya a tsakiyar koren fili. Nan take za a ɗau ihu: “Malam, canza mana!” Su biyun, da Ba'amurken da Bawudilen, kowa na ɗaukar wasan a matsayin baƙo, alhali kakanninsu sun san shi.

Wasan kurket na farko tsakanin ƙasa da ƙasa a birnin New York aka yi shi a 1844, Amurka da Kanada. Daga baya besbol ya ture shi, har Amurkawa suka manta. Baƙi 'yan Indiya, Pakistan da tsibiran Karebiyan ne suka dawo musu da shi. A ranar 6 ga Yunin 2024, a gasar cin kofin duniya da aka yi wani ɓangarenta a Amurka, tawagar ƙasar ta doke Pakistan a kusa da Dallas, bayan kowa ya tara maki 159 aka je zagayen raba gardama. Wanda ya yi jifan da ya rufe wasan, Saurabh Netravalkar, haifaffen Mumbai ne kuma injiniyan kwamfuta a kamfanin Oracle. Yanzu kurket zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, karon farko tun 1900. Ƙasar da ake yi wa dariya kan rashin sanin wasan ta zuba kuɗi, tana gina filaye, tana neman kujera a gaba.

Namu labarin ya fi ciwo. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949 ta zama Barewa ta yau, kan tsarin makarantun Ingila aka gina ta, kuma kurket na cikin wasannin ɗalibanta. Sardauna Ahmadu Bello ya buga shi a can. Babban filin kurket na Legas a dandalin da ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, shi ma tsohon ɗalibin Katsina. A zamanin Kwalejin Katsina ne wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo wasan fayif, wanda ake dukan 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Fayif ya rayu, har gobe ana buga shi a Katsina, Sakkwato da Birnin Kebbi. Kurket kuwa ya yi ta janyewa har ya zama labarin tsofaffin 'yan boko.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Fayif bango yake so da ƙwallo ɗaya, shi ya sa ya tsallake katangar makaranta ya shiga gari. Kurket yadda Turawa suka kawo shi sai da ciyawa mai shan ruwa kullum, da sanda da takalmi da kariyar ƙafa da ake odarsu daga waje. Ranar da kuɗin makarantun gwamnati ya ja baya, da shi aka fara yin sadaka.

Mutanen Karachi sun daɗe da warware wannan matsala, kuma a nan ne darasin Wudil yake. Yaro ya samo ƙwallon tanis, ya naɗe ta tamau da salatif ɗin masu gyaran wuta, ta ƙara nauyi da santsi, tana tashi da sauri amma ba ta fasa kai. A jera bulo ko akwatin lemo a matsayin turaku, a tare lungu, wasa ya kankama. Da yawa daga cikin shahararrun masu jifan Pakistan ta nan suka faro. Babu abin da ke cikin wannan jerin da ba a samu a kasuwar Juma'a ta Wudil. Sandar da za ta daki ƙwallon tanis kowane kafinta zai fafe ta idan an nuna masa samfuri. Tsirin da ake jifa a kai kamar mita 20 ne kawai, kuma busasshiyar ƙasa mai tauri ake so, irin wadda rani ke ba mu kyauta bayan an ɗebe amfanin gona. Maganar kwana biyar ma ta kau: tun 2003 aka ƙirƙiro gajeren nau'i, mutum 11 a kowane ɓangare, jifa 120 ga kowanne, cikin kamar awa uku an gama. Yara suna iya rage shi ya shige tsakanin la'asar da magariba.

Masu cewa Najeriya ba ta iya wannan wasa ba su waiwayi ranar 20 ga Janairun 2025. A Kuching ta ƙasar Malesiya, 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu kacal a gasar cin kofin duniya. Kafin nan samarinmu sun halarci tasu gasar a Afirka ta Kudu a 2020, manyan mata kuma sun ɗauko tagulla a wasannin Afirka na Accra a 2024. Jihar Edo ce ta fi cika waɗannan tawagogin mata, saboda a can aka kai wasan makarantu aka dage. Ba wani sirri.

Batun 'yan mata shi ya fi tsaya wa mai wannan shafi a rai. Iyaye da yawa a nan ba za su bar 'yarsu ta sa gajeren wando ta shiga cakusar ƙwallon ƙafa ba, kuma sakamakon shi ne yarinya ta gama sakandare ba ta taɓa yin gudun da ya sa ta gumi ba. Kurket da dogon wando ake yin sa, ana iya sa riga mai dogon hannu, ɗankwali ko hijabi ba ya hana komai, kuma babu mai taɓa jikin wani. Ya fi kama da dara: a karanci abokin karawa, a ɗana masa tarko, a jira ya yi gaggawa. Yarinyar da ba ta da ƙarfin gudu tana iya zama gwanar jifa mai murɗawa.

Za a ce makarantar da ba ta da benci ina ita ina sabon wasa. Gaskiya ne benci na gaba. Sai dai ƙwallon tanis da salatif ba su ne za su cinye kuɗin benci ba, kuma Wudil ba ƙaramin gari ba ne a harkar ilimi. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda mai tara matasa daga kowace jiha, har da jihohin da wasan ke da rai. Da wuya a rasa wanda ya taɓa riƙe sandar a cikinsu.

Abin da ake nema kaɗan ne. Sashen wasanni na jami'ar ya rubuta wa Hukumar Kurket ta Najeriya ya nemi mai horarwa na mako biyu, a tara malaman motsa jiki na sakandarorin Wudil, Gaya, Garko da Dawakin Kudu, a zuba tsirin siminti ɗaya a filin jami'ar. Zangon karatu na biyu, lokacin da ƙasa ta bushe kuma zafin bazara bai kankama ba, ya isa a fara gasar makarantu huɗu, maza daban mata daban.