SABON AGOGON ROLEX DA HAKKIN ZAKKA

 Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan shafi, yau maganarmu a kan agogo take, dalilinta kuwa wata tambaya ce da aka kawo mana har zaure a nan Shinaka.

Wani ɗan'uwa falke, wanda Allah ya buɗa masa a fataucin albasa zuwa Kurmi, ya zo bayan la'asar ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, dubi wannan." Na duba sai na ga surar agogon hannu. Ya ce abokan cinikinsa na Ikko sun ba shi shawara ya sayi irinsa ya ajiye, gama naira kullum zubewa take yi, agogon kuwa ba ya faɗuwa. Sa'an nan ya sassauta murya ya ce wai sun gaya masa abin da mutum ke ɗaurawa a hannu ba shi da zakka. To, wannan kalma ta ƙarshe ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

Agogon dai na kamfanin Rolex ne, wanda Hans Wilsdorf ya kafa a Landan a 1905, daga baya ya ƙaura da shi birnin Janeba ta ƙasar Suwizalan. Sun fito da shi a watan Afrilu na 2025, a taron baje kolin agoguna da ake yi a Janeba, suka sa masa suna Land-Dweller, watau mazaunin tudu. Ba ya cin batir, motsin hannun mai shi ke ɗaure shi, kuma zuciyarsa tana bugawa sau 36,000 a sa'a guda. Iri uku suka yi: na ƙarfe marar tsatsa, da na jan zinariya, da na wani farin ma'adini mai tsada da ake kira filatinam. Babban na ƙarfen, ran da aka fito da shi, kuɗinsa ya kusa dalar Amurka 15,000, watau sama da naira miliyan 20 a canjin wancan lokaci. Ma'aikacin da ke karɓar naira 70,000 a wata, mafi ƙarancin albashin da aka tsayar a 2024, sai ya yi fiye da shekara 25 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara wannan.

Ba mu raina gwanintar maƙeransa ba, aiki ne na hikima. Amma kada wani ya ce don sanin lokacin salla zai saya. Rolex da kansu sun yarda agogonsu zai iya ƙari ko ragi na daƙiƙa biyu a yini. Ɗan Casio na roba mai batir, wanda almajirai ke saya a kasuwar Goronyo, kuskurensa bai kai haka ba a lissafin wata. Balle ma shari'a ba da agogo ta rataya lokaci ba. Duk wanda ya karanta Risala ya san azahar tana shiga da gushewar rana daga tsakiyar sama, la'asar kuwa idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali. Agogon Maiduguri da na Sakkwato ƙarfe ɗaya suke nunawa, alhali rana tana riga gushewa a Maiduguri da kamar rabin sa'a. Ladan mai lura da inuwa ya fi mai zinariya a hannu sanin wannan.

Yanzu sai hukunci. Ba za mu haramta abin da Allah bai haramta ba. Agogon ƙarfe, ko da ya yi tsada, halal ne ga wanda ya saya da halaliyarsa, in ya kuɓuta daga alfahari da almubazzaranci, kuɓuta daga su kuwa ba sauƙi. Na zinariya haramun ne ga namiji, halal ga mace, wannan ba saɓani a mazhabarmu. Azurfa ma ba a yardar wa namiji ita ba sai a zobe da adon takobi da Mushafi. Abin da ɗan'uwanmu bai sani ba, kuma muna zaton da yawa ba su sani ba, shi ne wannan da ake kira na ƙarfe ba ƙarfe ne zalla ba. Zoben da ya kewaye fuskarsa farar zinariya ce. Zinariya kuwa ko an gauraya ta da wani ma'adini ta yi fari, ba ta fita daga sunanta ba, ba ta fita daga hukuncinta ba. Dillali ba zai tsaya yi maka wannan bayani ba.

Maganar zakka tana da rassa, sai a yi haƙuri a bi ta sannu. Gaskiya ne abin da mutum ya mallaka don amfanin kansa, kamar riga da doki da agogon ƙarfe, ba zakka a kansa. Haka kayan adon mace da take sawa. Amma adon da aka haramta wa mai shi, kamar zinariya a hannun namiji, wannan zakka ta hau kansa kowace shekara. A san nauyin zinariyar da ke ciki, Rolex kuwa kashi uku cikin huɗu na zinariyarsu shi ne tsantsa, a haɗa da sauran kuɗin da mutum ke da su, in sun kai nisabi, watau dinari 20 ko kimanin giram 85, a fitar da ɗaya cikin 40. Ga zunubin sawa, ga zakka ba ta faɗi ba.

Wanda kuma ya saya da niyyar ya sayar in farashi ya hau, agogonsa ya zama hajar fatauci, daidai da buhun albasa. In mai jujjuya haja ne, wanda littattafai ke kira mudiri, zai yi masa ƙima duk shekara tare da sauran kayansa. In mai jiran kasuwa ne, watau muhtakiri, zai ba da zakkar shekara ɗaya ran da ya sayar. Saura wanda ya ga shekarar dukiyarsa ta kusa cika, ya yi maza ya juya miliyoyi zuwa agogo don ya ce abin sawa ne. Mukhtasar ya yi magana a kan mai musanya dabbobinsa don gudun zakka, ya ce a karɓe ta daga gare shi duk da haka, kuma an san mazhabar Imamu Malik da toshe ƙofar hila. Ba ma ganin mai agogo zai sami mafita inda mai shanu bai samu ba.

Cewa agogon ba ya faɗuwa ma ba haka take ba. Farashin manyan agoguna na hannu na biyu ya kai ƙololuwa a farkon 2022, daga nan ya yi ta sauka fiye da shekara biyu, waɗanda suka saya a sama suka tafka hasara. Kuma in buƙata ta taso, wa zai saye shi a Wurno ko Rabah? Sai ka ɗauke shi zuwa Abuja ko Ikko, a kan hanyar da kowa ya san halin da take ciki.

Mun san abin da ke tsorata attajirai, ba mu ce ƙarya ne ba. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Amma talaka ya riga attajiri jin wannan zafi. Ƙasarmu ta gabashin Sakkwato ta ga ambaliyar 2010 da ta cinye garuruwa da gonaki a bakin Rima, ta ga harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 inda aka kashe mutum fiye da 40, ga waɗanda suka baro ƙauyukansu, ga marayu. Waɗannan su ne masu ɗaya cikin 40 ɗin nan. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno ya zauna ribaɗi a cikinta har aka binne shi a can a 1837, ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, yana kwaɗaitar da jama'a sana'a da noma da fatauci. Madatsar Goronyo tana nan da ruwa, manoman fadama suna neman injin ban ruwa da taki, albasa tana ruɓewa don rashin wurin ajiya mai kyau. Naira miliyan 20 in ta shiga nan za ta haihu, mutane su ci, a kuma fitar mata da zakka.

Abin da na gaya wa ɗan'uwan nan shi nake gaya wa duk mai irin wannan agogo a akwati: ya nemi sanin nauyin zinariyar da ke jikinsa wurin masu sayar da zinariya, ya tambayi nisabin bana a Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, in akwai shekarun da suka wuce bai fitar ba ya lissafa su ya biya, gama bashi ne. In kuwa na zinariya ne, ya cire shi daga hannunsa, ya sayar ko ya ba uwargida.