Gobarar Yamai: mu daina fakewa da ƙaddara

Duk lokacin da wuta ta tashi a babban birnin ƙasarmu, mun san abin da zai biyo baya tun kafin hayaƙi ya lafa. Manya za su iso da jerin motoci, su zagaya cikin toka, su yi jaje, su ce za a yi bincike. Daga nan sai a ce ƙaddara ce, kowa ya koma gidansa. Mu musulmi ne, ba mu musun ƙaddara. Amma an hore mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, mu kuwa raƙuminmu sake yake yau fiye da shekara 40.

Mu tuna baya. Ranar 30 ga watan Maris na 1982 Babbar Kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus. Attajirai suka wayi gari fakirai, ƴan kasuwa suka watse zuwa Wadata da Bukoki. Gwamnatin Seyni Kunce ta kashe wajen miliyar 5 na sefa ta gina sabuwa da siminti, aka buɗe ta a 1987. Aka yi zaton an ɗauki darasi. Ina! A watan Mayu na 2009 wuta ta sake cin wani sashe na kasuwar nan. A watan Janairu na 2012 ginin ma'aikatar shari'a ya kama, takardu suka zama toka. A watan Afirilu na shekarar dai Ƙaramar Kasuwa ta bi sahu, masu kayan miya suka bazu bakin titi da kwandunansu.

Waɗannan dukiya ce, ana iya sake nemanta. Abin da ya biyo baya rayuka ne. A watan Mayu na 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama, talakawa suka taru kwasar mai, ta fashe, mutum fiye da 70 suka halaka. Ranar 13 ga Afirilu na 2021, a unguwar Pays-Bas, azuzuwan zana suka kama wuta, yara 20 suka mutu, akasarinsu ƙanana da ba su san ko hanyar gudu ba. Aka yi kuka, aka yi alkawari. Wata 7 bayan haka, ranar 8 ga Nuwamba, irin wannan musiba ta auka wa Maraɗi, yara fiye da 20 suka tafi. Sai a lokacin gwamnati ta hana sa yara ƙanana cikin azuzuwan zana. Me ya hana a yanke wannan hukunci tun watan Afirilu? Gawa nawa ake jira kafin a sa hannu a takarda?

Idan gobara ta auku, jama'a kan sauke fushinsu a kan ƴan kwana-kwana: sun makara, ruwansu ya ƙare. Wannan zalunci ne. Sojan kashe gobara ba ya tashi sama. An kira lamba 18, ya fito, ya iso bakin kasuwa, ya tarar da hanyar da aka tanada domin motarsa cike da tebura da rumfuna da kwantena. Ya fesa abin da ke cikin tankinsa, cikin ƴan mintoci ya ƙare. In babu bakin famfon gobara mai aiki kusa, dole ya juya neman ruwa, wuta kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya toshe hanyar nan shi ne ya kamata a tuhuma, da wanda ya ga an toshe ya kau da kai.

A nan ne nake son ma'aikatan gwamnati su saurare ni. Mai karɓar kuɗin kasuwa bai taɓa ɓatan hanya ba. Kowace safiya yana isa har lungun da babur ba ya shiga, ya yanka tikiti. To, hukumar da ta san kowane tebur saboda haraji, yaya za ta ce ba ta san teburin yana kan hanyar motar gobara ba? In an karɓi kuɗin mutum a wurin da doka ta hana zama, an halatta masa zaman ke nan, kuma an sayar da tsaron maƙwabtansa.

Ku ma ƴan kasuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku ɗaga kai ku dubi wayoyin kuran da ke saman rumfunanku, kamar saƙar gizo-gizo. Mita guda, shago goma, da firiji da fanka, wayar kuma siririya ce wadda wani yaro ya ɗaura da leda. Waya in ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta zafi take yi, robar ta narke, tartsatsi ya faɗa kan atamfa da katifa. Alhajin da ke da kayan miliyan 50 a shago yana ƙyashin sayen tukunyar kashe wuta, inshora kuwa ko a kawo maganarta. Ranar da abin ya faru, sai a yi layi ana jiran tallafin gwamnati.

Abin da muke nema ba ya bukatar taimakon ƙasashen waje. A buɗe hanyoyin cikin kasuwanni, ko teburin wane ne ya tare. A ƙidaya bakunan famfon gobara na birni, a gyara matattu, a gaya wa jama'a adadinsu. A binciki wayoyin kowace kasuwa kafin bazara. Sakamakon kowane bincike kuma a buga shi, kowa ya karanta, wanda ya yi sakaci a kira sunansa.

Mutanen Damagaram, Tawa da Maraɗi, kada ku ce wannan zancen Yamai ne. Gobe da safe kowa ya auna hanyar da ke gaban shagonsa, ya tambayi kansa ko motar ƴan kwana-kwana za ta iya wucewa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.