Wa zai tambayi minista a madadin ɗan kwalejin Tajaye?

A watan Oktoba, lokacin da ake ɗaurin damman gero a gonakin Adar, yara ƴan shekara goma sha biyu zuwa sha uku suke barin gida. Sun gama aji shida na firamare a ƙauyukan Tajaye, Badagishiri, Dogarawa, Bazaga da Allela, an tura su kwaleji, kwalejin kuwa ba a ƙauyensu yake ba. Uba ya ɗauki ƴan tiyoyin gero, yaro ya naɗe tabarmarsa, su nufi gidan wani ɗan'uwa ko abokin kasuwa a garin da makarantar take. Uban ya ce ga amana, mai gida ya karɓa saboda zumunci da kunya. Daga ranar nan karatun yaron ya rataya a kan rumbun mutumin da shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa ƴaƴan.

Duk wanda ya yi kwaleji a karkarar Nijar ya san abin da ke biyo baya. Watanni biyun farko akwai abinci, don kaka ce. Kafin a kai Maris geron da aka kawo ya ƙare, zafi ya sauko, yaro yana fita da safe ba ko kunu, ya zauna aji har azahar cikinsa na kuka. Wanda bai sami masauki ba yana taka kilomitoci da ƙafa, safe da yamma. Yarinya kuwa, in ta sauka a gidan mutane, sau da yawa ita ce mai ɗebo ruwa, mai daka, mai wanke-wanke, kafin ta buɗe littafi dare ya yi kuma babu fitila. In sakamakonta ya yi ƙasa a ƙarshen shekara, takarda za ta nuna an kore ta saboda rashin ƙoƙari, ba inda za a rubuta dalilin.

Ga kuma abubuwan da ke jan yaro daga aji, waɗanda a wannan yanki suna da ƙarfi ƙwarai. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce tun kaka da kakanni: yaro yana ganin yayansa ya dawo daga Abijan ko Libiya ko Legas da waya da babur. Aikin albasa a Galmi da Tsarnawa yana ba da kuɗin hannu a ranar. A Birnin Ƙonni, bakin iyaka da Illelar Sakkwato, kabu-kabu da dako da ƙananan saye da sayarwa suna kiran duk saurayin da ya gaji da yunwa. Ga yarinya, mafita ɗaya ce aka saba nuna mata. Alƙaluman UNICEF sun ce kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma shekarun kwaleji su ne daidai shekarun da ake yanke wannan shawara. Uban da ya cire ƴarsa daga gidan da bai amince da tsaronta ba, wannan jarida ba ta ɗora masa laifin duka. An ba shi zaɓi ne tsakanin karatun ƴarsa da kwanciyar hankalinsa.

Duk wannan sananne ne. Abin da ya dami wannan jarida shi ne, a yau babu wani mutum da aikinsa na hukuma shi ne ya miƙe a gaban ministar ilimi, Dakta Elisabeth Sherif, ya ce: yara nawa suka shiga ajin farko na kwaleji a gundumar Illela ta Nijar shekara huɗu da suka wuce, nawa ne suka kai ga jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, sauran kuma ina suke?

A dā aikin depite ne, wato ɗan majalisar dokoki. Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ba majalisar dokoki ikon bin diddigin aikin gwamnati: tambaya ta baka, tambaya a rubuce, kiran minista ya zo ya yi bayani, kafa kwamitin bincike, da uwa uba amincewa da kasafin kuɗi. Majalisar mai kujeru 171 ta kasance tana da kwamitin harkokin jama'a da al'adu, wanda ilimi ke ƙarƙashinsa. Jihar Tawa ta kasance cikin jihohin da suka fi yawan wakilai, kuma daga cikinta shugaban ƙasa Mahamadou Issoufou ya fito, wanda ya mulki ƙasar daga 2011 zuwa 2021 da alƙawarin karatu kyauta kuma dole har shekara 16.

Gaskiya ita ce majalisar ba ta yi amfani da wannan iko yadda ya kamata ba a kan ƴan makarantar karkara. A 2012 an kai mata daftarin dokar kare yarinya mai karatu. Ƙungiyoyin addini suka nuna rashin amincewa da wasu sassansa, aka mayar da daftarin, maganar ta kwanta. Da an zauna da malaman addini da sarakuna da iyaye an gyara sassan da ake jayayya a kansu, da an sami doka mai tushe wadda jama'a suka sa hannu a cikinta. Sai a Disamba 2017 gwamnati ta fito da dokar zartarwa a kan batun, ba tare da bi ta zauren majalisa ba. Shekara biyar aka yi asara, kuma dokar da ta fito, da wuya a sami uba a ƙauyen Tajaye da aka taɓa karanta masa ita da Hausa ko Tamashek.

Shekarar 2021 ta fi kowace nuna girman ramin. Ranar 13 ga Afrilu gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kusan ashirin suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba irin wannan ta sake faruwa a Maraɗi, sama da yara ashirin suka tafi. Gwamnati da kanta ta ce akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. A shekarar ce kuma kusan ɗalibi ɗaya kawai cikin biyar ya ci BEPC. Irin waɗannan rumfunan zana ba a firamare kaɗai suke ba. Kwalejojin karkara da yawa da su suke fara shekara, kuma ba a iya kafa su sai an gama girbi an sami kara, ruwan farko kuma ya tashe su. Shekarar karatu ta wata tara takan koma shida ko bakwai. Abin yana da ciwo musamman a wannan yanki, domin a Malbaza ake yin siminti tun shekarun 1960, manyan motoci suna ɗauke da shi suna wucewa ta gefen makarantun da ba su da bango.

Tsohon shugaba Mohamed Bazoum, wanda tsohon malami ne, ya gane cewa masauki shi ne ƙashin bayan matsalar ƴan mata, ya fara gina makarantun kwana, irin na Kelle a jihar Damagaram, da alƙawarin ɗari. Dabara ce mai kyau, kuma ba ta kamata ta mutu don mai ita ya sauka ba. Nawa aka gama? Nawa ke aiki, wa ke ciyar da yaran, kuma guda nawa aka tsara wa Illela, Malbaza da Ƙonni? Waɗannan tambayoyi ne da suke buƙatar amsa a bainar jama'a.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rusa majalisar dokoki. A Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Wato kansilan ƙauye, wanda uba zai iya tarewa a kasuwar Badagishiri ya ce masa mushen lissafi, wato malamin, bai zo ba wata biyu, shi ma babu shi. Kantoma na iya zama mutumin kirki mai aiki, amma wanda ya naɗa shi yake ba bahasi.

Abin da ya rage shi ne Majalisar Tuntuɓa ta CCR, wadda aka girka a ƙarshen Yuni 2025 da mambobi 194, ƙarƙashin jagorancin Dakta Mamoudou Harouna Djingarey. Ba zaɓenta aka yi ba, ba ta kafa doka, shawara ce aikinta. Wannan jarida ba ta ɗauke ta a matsayin madadin majalisar da jama'a suka zaɓa, kuma tana nan a kan ra'ayinta cewa ƙasa na buƙatar irin wannan majalisa. Amma yaron da ke ajin farko na kwaleji yau zai gama ko ya faɗi kafin wa'adin shekara biyar da kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya tanada ya cika. Ba zai iya jira ba. CCR tana da wakilan jihohi, da sarakuna, da malaman addini, da mata, da matasa. Mutanen da suka san gidan da ake sauke ƴan makaranta, wataƙila ma a gidajensu ake sauke su. Su nemi ministar ilimi da na kuɗi su zo gabansu a kan wannan batu shi kaɗai, zama na musamman, a faɗi lambobi gunduma-gunduma. In aka tsaya a jimillar ƙasa, Yamai da manyan birane za su rufe halin da Tajaye ke ciki.

Akwai maganar malamai, wadda ba ta rabuwa da ta ɗalibai. Yawancin masu koyarwa a karkara ƴan kwantiragi ne, kuɗinsu kaɗan ne kuma an sha jinkirta shi. Mushen da aka turo daga nesa, ba gida, ba tabbacin ƙarshen wata, zai nemi canjin wuri da zarar ya sami hanya, ajin lissafi ko kimiyya ya zauna fayau. Kwamitocin iyaye na COGES suna tara jika-jika su sayi alli, su kafa rumfa, wani lokaci su ciyar da malami. An bar musu nauyin da ya fi ƙarfinsu, ba a kuma tambayarsu ra'ayi idan ana tsara manufa.

Tun da kundin 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, amsoshin ministoci su fito da Hausa da sauran harsunan ƙasar a gidajen rediyon karkara. Mahaifiyar da ta sayar da akuya don sayen littattafai tana da haƙƙin ta ji, da harshenta, nawa aka ware wa kwalejin ɗanta da inda kuɗin ya shiga.

Tarihin ƙasar nan ya nuna inda ƙorafin ɗalibai yake bi idan bai sami zaure ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a gadar Kennedy ta Yamai, aka harbe ɗalibai uku na ƙungiyar USN da suka fito zanga-zanga a kan halin karatunsu, kuma har yau ana tunawa da su kowace shekara. Ɗan kwalejin Tajaye ba ya zuwa gada. In abin ya ishe shi, naɗe tabarmarsa yake ya hau mota, babu wanda zai ji labari sai uwarsa.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga wakilan jihar Tawa a CCR da su zo da kansu kafin zafin Maris, su kwana biyu a Tajaye, su wuce Dogarawa da Bazaga. Su karɓi rajistar daraktan kwaleji su ƙirga sunayen da aka soke tun Oktoba. Su shiga gidajen da aka sauke yara su ga inda suke kwana, su tambayi mai gida tiya nawa ta rage. Su zauna da Hausawa manoma da Abzinawa makiyaya, domin matsalar ɗan makiyayi da iyayensa suka bi dabbobi daban take da ta ɗan manomi. Abin da suka gani su rubuta shi da sunan gari da adadin yara, su miƙa wa gwamnati, su kuma karanta shi a rediyo.