Na'urar hoton ƙirji ta lalace, wa zai gyara?

Kwanan baya na raka wata gwaggona daga Aboabo don a ɗauki hoton ƙirjinta, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Aka ce na'urar ta lalace, ana jiran mai gyara daga waje. Sati biyu muka yi muna zarya.

Zuciyar irin wannan na'ura wani faranti ne mai ɗauke da ƙananan idanu miliyoyi, kowanne na auna hasken da ya ratsa jiki, sai kwamfuta ta haɗa hoto. Kyamarar wayarka ma danginsa ce. A CERN, cibiyar bincike ta Turai da ke Janiba, an kai fasahar nesa don bin sawun ƙwayoyin zarra. Guntun Medipix ɗinsu bai wuce farcen babban yatsa ba, amma idanunsa 65,536 ne, kuma ƙwayoyin hasken yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A 2018 wani kamfani a New Zealand ya yi amfani da shi ya ɗauki hoton cikin jikin mutum mai launi. A 2021 Amurka ta amince da na'urar CT ta Siemens mai irin wannan ƙirgen.

Wani zai ce ina ruwan Zango? To, a Yulin 2012, watan da CERN ta sanar da gano ƙwayar Higgs, a nan Kumasi, a KNUST, aka buɗe makarantar kimiyyar lissafi da zarra ta ɗaliban Afirka. Daga Aboabo kuɗin mota ɗaya ne. Mu dai ba mu ji labari ba.

Abin da ke damuna kenan. Gwamnati na sayo na'urori, a yanke kyalle, a tafa, amma wanda zai buɗe cikinsu sai an ɗauko shi a jirgi. Asusun raya Zango da aka kafa a 2017 ya yi filayen ƙwallo, ban raina ba, yaranmu na so. Amma ni da ke koyar da kimiyya da alli kawai, na fi so a ware wani abu don ɗakin gwaji da kuɗin karatun masu son injiniyancin kayan asibiti. A ajina akwai yaron da ke gyara waya a Alabar bayan an tashi. Kyamara yake canzawa kullum, bai taɓa jin abin da ke cikinta ba sai da na zana masa a allo.