Magani na nan, amma wa zai kai gare shi?

Jiya bayan la'asar muka je duba matar wani abokin aikinmu. Wata shida cur tana shan maganin tibi, tari bai tsaya ba, sai daga baya hoton ƙirji da gwajin nama suka nuna kansar huhu ce. Baiwar Allah ko karan sigari ba ta taɓa riƙewa ba. Wallahi tun da na dawo abin ke cina.

Jama'a, wannan cuta ba iri ɗaya ba ce. Wasu masu ita suna da wani sauyi a ƙwayar halitta da likitoci ke kira EGFR, shi ke sa dajin ya yi ta yaɗuwa ba birki. An fi samunsa a mata da waɗanda ba sa shan taba. Akwai maganin da aka haɗa don toshe wannan ƙofar: osimertinib, wanda kamfanin AstraZeneca ke sayarwa da sunan Tagrisso, ƙwaya ɗaya a rana. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Nuwamba 2015 ga waɗanda magungunan farko suka daina yi wa aiki. A 2018 ta yarda a fara da shi kai tsaye, a 2020 kuma ta yarda a ba da shi bayan tiyata. Idan ciwon ya yi nisa ba ya warkarwa, amma yana danne shi, mutum ya samu sauƙi a ɗakinsa cikin iyalinsa.

To amma sa hannun hukuma daban, magani ya shiga bakin mara lafiya daban. Kuɗin kwalin wata guda da aka faɗa wa abokin nan namu ya ninka albashinsa sau da yawa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Gwajin EGFR ɗin ma sai da aka tura samfurin wani gari.

Ra'ayina shi ne a fara daga gwaji. Manyan asibitocin koyarwa na Arewa su samu kayan yinsa, domin ba da maganin nan ba gwaji asarar dukiya ce da lokaci. Sannan akwai na gabansa masu rahusa, erlotinib da gefitinib, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna tun 2019. NAFDAC ta tabbatar masu inganci ne ke shigowa, NHIA kuma ta ɗauki nauyinsu yadda ya kamata. Ai duk wata ana yankar mana kuɗin inshora.

Mu ma da namu. Duk tarin da ya ƙi jin maganin tibi, a koma wurin likita a nemi ƙarin bincike. Kuma don Allah a guji sayen irin wannan magani a hannun 'yan WhatsApp, kada a sayar da gona a sayo jabu.

Likitocin da ke nan, ku gyara min inda na yi kuskure. Allah ya ba ta lafiya, da dukkan marasa lafiyarmu.