Kirsimeti a majami'ar Katolika ta Damagaram: biki ne, kuma ma'aunin zaman tare

Kowace ranar 25 ga Disamba hutu ce a Nijar, duk da cewa Kiristoci tsiraru ne ƙwarai a ƙasar. A Damagaram, bikin Kirsimeti, wanda jama'a suka fi sani da Nowel, ya wuce batun ibada kaɗai. Yadda aka yi shi yana nuna inda zaman tare ya kwana a birnin.

Ga mabiya ɗarikar Katolika, ranar ta tunawa ce da haihuwar Yesu Almasihu a Baitalami. Shiri yana farawa tun Lahadi huɗu kafin ranar, da addu'o'i da neman gafara. A cikin majami'a ana gina ɗan garke mai nuna inda aka haife shi, tare da Maryamu da Yusufu da makiyaya. Daren 24 ake babbar addu'a, a sake taruwa da safe, ana waƙoƙi da kiɗa. Daga nan sai gida: shinkafa da kaji, sababbin tufafi ga yara, da kwanon abinci zuwa gidan maƙwabci.

Wannan kwanon ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabcin da ya karɓa yawanci Musulmi ne, kuma shi ne zai aiko da nama ranar Layya. Addinan biyu sun saɓa a kan matsayin Almasihu: Kirista na ɗaukarsa Ɗan Allah, Musulmi na ɗaukarsa Annabi Isa ɗan Maryam, kuma akwai sura guda mai sunan mahaifiyarsa a Alƙur'ani. Saɓanin na nan daram, amma bai taɓa hana gaisuwa a ƙofar gida ba.

Sai dai ba a manta da Juma'ar 16 ga Janairun 2015 ba. A ranar, zanga-zangar adawa da zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Damagaram, aka cinna wa majami'u da makarantar mishan wuta. Washegari abin ya kai Yamai. Mutum 10 suka rasu a biranen biyu, kuma hukumomi sun ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai. Waɗanda aka far wa ba su da hannu a zanen da aka yi a Paris. A cikin wannan tashin hankali, akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu. An sake gini, amma gyaran zuciya ya fi gyaran bango ɗaukar lokaci.

Daga yamma kuma wata barazana ta ɓullo. A watan Satumban 2018 'yan bindiga suka sace limamin coci ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a Bomoanga cikin jahar Tilaberi, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Shi ya sa ganin jami'an tsaro a bakin majami'u lokacin manyan bukukuwa ya daina ba kowa mamaki.

Akwai kuma batun aljihu. Da yawa cikin masu zuwa majami'ar asalinsu daga Benin, Togo, Burkina Faso ko Najeriya ne: malaman makaranta, makanikai, teloli, 'yan kasuwa. Rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tsawaita hanyar zuwa ganin dangi, ya kuma ƙara tsadar kaya.

Majami'ar Damagaram tana ƙarƙashin yankin bishop na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001, ya haɗa har da Tawa, Agadas da Difa. Makarantu da ɗakunan shan magani na cocin sun fi hidimta wa Musulmi, domin su ne mafi yawan jama'a. Wannan alaƙa ta yau da kullum ta fi kowane jawabin biki ƙarfi.

Don haka aikin da ke gaban hukumomi, sarakuna da malamai ba ya tsaya ga aika saƙon taya murna. Yana cikin abin da ake faɗa wa matasa a huɗuba da majalisun unguwa, da kuma hukunta duk wanda ya taɓa wurin ibadar wani. Ranar da Kirista ya yi addu'ar daren 24 ba tare da an girka masa soja a ƙofa ba, ranar ce za a ce raunin 2015 ya warke.